Kallon Kitse Ga Rogo: Lacca A Kan Fina-finan Batsa Da Zaton Da Suke Shukawa Game Da Shimfiɗar Aure

 



Kafin in taɓa mas'alar da aka ɗora mini, wajibi ne in nemi afuwa daga waɗanda suka haife ni da waɗanda suka karantar da ni, domin zan ambaci abubuwan da Bahaushe, wanda alkunyarsa ta kai har ba ya kiran sunan ɗansa na fari, bai saba jin an ambata a bainar jama'a ba. Abin da ya ƙarfafa mini guiwa shi ne, ya tabbata cewa Ummu Sulaim, Allah ya yarda da ita, ta je gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ta tambaye shi hukuncin mace idan ta yi mafarki irin na balaga, bai kuwa tsawata mata ba, amsa ya ba ta. Kuma Uwar Muminai A'isha ta yaba wa matan Ansaru saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addininsu ba. To, in haka ne, kunyar da ke ɗaure mana baki ga barin gaskiyar da za ta tsare ɗakunan 'ya'yanmu, alhali ƙarya na shiga aljihunansu dare da rana babu sallama, kunya ce da ta sauka inda ba masaukinta ba.

Ba zan tsawaita a kan hukuncin kallon batsa ba, domin aya ta 30 da ta 31 na Suratun Nur sun umarci muminai maza, sannan muminai mata, da runtse ido da tsare farji, kuma ba na zaton akwai mai jiran wata fatawa bayan wannan. Abin da ya dame ni, wanda kuma ya sa na karɓi gayyatarku, wani abu ne da ke saura bayan an kashe wayar, bayan an yi nadama, kai har bayan an tuba an daina: shi ne mudun da fim ɗin ya bari a cikin zuciya, wanda mutum zai ɗauka ya shiga da shi ɗakin aurensa na halal, ya auna kansa da shi, ya auna matarsa da shi, ya ga dukansu sun gaza cika shi, alhali ha'incin a jikin mudun yake.

Batsa daɗaɗɗiya ce kamar yadda sha'awa take daɗaɗɗiya, amma mayar da ita masana'anta mai jari da ma'aikata abu ne na jiya-jiya. A 1953 wani Ba'amurke mai suna Hugh Hefner ya fara buga mujallar Playboy a birnin Shikago. A 1969 ƙasar Denmak ta zama ta farko da ta halatta hotunan batsa a dokance. A 1976 kamfanin JVC na Japan ya fito da kaset ɗin bidiyo na VHS, wanda ya ɗauke abin daga gidajen silima ya shigar da shi ɗakin kwana. Wani kwari kuwa da ake kira San Fanando, a gefen birnin Los Anjalis, ya zama cibiyar sana'ar. Manya daga cikinmu za su tuna zamanin da kaset ɗin da ake kira bulu fim sai an san mai shagon haya, an yi raɗa, an naɗe shi a tsohuwar jarida, sannan a nemi gidan da akwai bidiyo da wuta kuma babu babba. Waɗannan wahalhalu, duk da ƙanƙantarsu, katanga ce. Sai wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, manyan dandali masu ba da abin kyauta suka bayyana a intanet wajen 2007, waya mai allo ta yi arha, katangar ta zube. Yau yaro ba ya ma buƙatar kuɗin data, domin akan tura masa a memori a rumfar cajin waya, ko aboki ya jefo masa ta WhatsApp ba tare da ya roƙa ba.

A watan Janairu na 2023 Kwamishinar Yara ta Ingila, Dame Rachel de Souza, ta fitar da rahoto a kan matasan ƙasarta, inda aka samu cewa kashi 10 cikin 100 sun ga batsa tun suna da shekara 9, kashi 27 kuma zuwa shekara 11, matsakaicin shekarun gani na farko kuwa 13 ne. Wannan lissafin Ingila ne, ban kuwa ɗora shi a kan garuruwanmu ba. Sai dai wayar da ke hannun ɗan Landan ita ce ke hannun ɗan Kano da ɗan Damagaram, kuma a zamanin da tsadar lefe da rashin abin yi ke kai saurayi shekara 30 bai ajiye iyali ba, ku lissafa da kanku shekara nawa zai yi yana ɗaukar darasi daga kwaikwayon abu kafin ya sadu da haƙiƙarsa.

A nan ne gizo ke saƙar, ina kuwa roƙonku ku ba ni hankalinku. Yaron da ya kalli fim ɗin Indiya ya ga mutum ɗaya ya doke ƙarti ashirin rigarsa ba ta yage ba, ko ya kalli na ƙasar Sin ya ga ana tafiya a kan iska, ba ya daɗewa cikin ruɗu, domin da ya fita ƙofar gida zai ga yadda mutane ke tafiya a ƙasa, ya ga yadda dambe ke ƙarewa a dandali, sai idonsa ya ƙaryata masa allon. Amma abin da ke tsakanin miji da mata Allah ya lulluɓe shi da sutura, shari'a ta hana a bayyana shi, har ya zo a Sahihu Muslim cewa mai yaɗa sirrin shimfiɗar iyalinsa yana daga mafi sharrin mutane matsayi ranar alƙiyama. Saboda haka babu wata ƙofar gida da yaron zai fita ya ga gaskiyar da zai gwada ƙaryar da ita. Kowace ƙarya ta silima tana da mai ƙaryata ta a kan titi, banda wannan. Shi ya sa mai kallonta ba ya jin wasan kwaikwayo yake kallo. Ji yake yi leƙe yake ta kafar ƙofa, yana gano abin da kowa ke yi a ɓoye aka hana shi sani.

Haƙiƙanin al'amari kuwa, abin da yake gani sana'a ce da aka tsara ta domin ido. Akan zaɓo mutanen daga cikin dubbai saboda wata siffar jiki da ba a cika samu ba, a ƙara wa wasunsu da aikin tiyata, a shafe su da kwalliya, a daidaita fitila da kyamara ta kusurwar da ke girmama abu. Akan shafe sa'o'i ana ɗauka ana tsayawa ana hutawa, mazan da yawa da taimakon ƙwaya ko allura, sannan mai tacewa ya yanke duk gajiya da duk zafi da duk kuskure, ya ɗinke abin da ya saura ya zama kamar numfashi guda. Yanayin da ake kwanciya ma kyamara ce ke zaɓarsa, ba sauƙin jiki ba, sautin da ake ji kuwa ladansa aka biya. Wani lokaci ma abin ya wuce kwaikwayo ya kai ga zalunci tsantsa. Wata Ba'amurkiya mai suna Linda Boreman, wadda ta fito a wani fim na 1972 da ya yi tashe ƙwarai, ta wallafa littafi a 1980 tana bayyana cewa mijinta na lokacin ne ya tilasta ta da duka da barazana, ta kuma maimaita wannan shaida a 1986 a gaban kwamitin da aka fi sani da sunan Babban Lauyan Amurka Edwin Meese. Miliyoyin mutane sun kalli murmushinta sun ɗauka yarda ce. Kazalika a watan Disamba na 2020, bayan ɗan jarida Nicholas Kristof ya rubuta a jaridar New York Times cewa wani babban dandali mai mazauni a Mantiriyal ta Kanada, wanda ba zan ambaci sunansa a wannan zaure ba, yana ɗauke da bidiyon fyaɗe da na ƙananan yara, kamfanonin Visa da Mastercard suka janye daga hulɗa da shi, shi kuma ya goge miliyoyin bidiyo cikin 'yan kwanaki. Daga irin wannan makaranta ne ɗanmu ke ɗauko ilmin da zai kai wa amaryarsa.

Akwai wani masanin ɗabi'ar dabbobi ɗan ƙasar Holan, Niko Tinbergen, wanda ya samu kyautar Nobel a 1973, da ya yi wani gwaji mai cike da izina. Ya lura cewa in aka ajiye wa wasu tsuntsayen bakin teku ƙwan ƙarya wanda ya fi nasu girma nesa ba kusa ba, sai tsuntsuwar ta bar ƙwanta na gaskiya, mai rai a ciki, ta dinga faman hawa kan na ƙaryar, wanda ko rufe shi da fukafukanta ba ta iyawa. Fiɗirar da aka halicce ta da ita lafiya lau take. An dai kawo mata abin da ya fi ƙarfin ma'auninta ne, sai ya karkatar da ita daga abin da aka yi fiɗirar dominsa. Duk sanda na tuna wannan tsuntsuwa, sai in tuna magidancin da ke kwance yana latsa waya ƙarƙashin bargo, matarsa na barci a gefensa.

Yanzu sai mu ɗauko mudun mu dube shi, ina kuwa sake neman afuwar iyayena. Zato na farko da yake shukawa a zuciyar namiji game da tsawon lokaci ne, har ka ji samari a majalisa suna alfahari da sa'a guda, wanda bai kai ba ya yi shiru yana ganin shi kaɗai ne mai naƙasa. To, a 2005 wani likita ɗan Holan, Marcel Waldinger, da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a kan ma'aurata 500 daga ƙasashe biyar, wato Holan da Ingila da Sifen da Turkiyya da Amurka, waɗanda aka ba su agogon awo suka yi amfani da shi tsawon mako huɗu. Da aka jera sakamakon daga mafi gajarta zuwa mafi tsawo, sai aka tarar wanda ke tsakiya, daga fara saduwa zuwa inzali, minti 5 ne da 'yan daƙiƙoƙi. Haka nan game da halittar namiji, a 2015 Dakta David Veale da abokansa na Kwalejin King's ta Landan suka tattara awon da ma'aikatan lafiya suka yi wa maza sama da 15,000, suka samu matsakaicin tsawonta a miƙe santimita 13 ne da ɗan kai. Wani bincike kuma na 2006, wanda mutane sama da 50,000 suka amsa, ya nuna kashi 85 cikin 100 na matan sun wadatu da halittar mazansu, alhali kashi 55 ne kacal na mazan suka wadatu da tasu. Ashe damuwar ba daga ɗakin matar ta taso ba.

Dubi kuwa abin da wannan zato ke haifarwa. Tun a 1970 wasu masu bincike biyu na birnin San Luwis a Amurka, William Masters da Virginia Johnson, suka bayyana wata illa da suka kira zama ɗan kallo, wato mutum, a daidai lokacin da ya kamata hankalinsa ya tattaru ga iyalinsa, sai ya rabu biyu, rabinsa yana cikin al'amarin, rabinsa ya koma gefe yana duba ko ya ci jarrabawa. Tsoro kuwa da sha'awa ba su kwana ɗaki ɗaya, domin jiki idan ya firgita hanyoyin jini takurewa suke yi, sai abin da ake tsoron ya auku saboda tsoronsa. Wanda ya shekara goma yana ɗan kallon wasu, yaya za a yi ya kasa zama ɗan kallon kansa? Da safe sai ya fita da baƙin ciki, a tasha ko bakin kasuwa ya tarar da mai lasifika a kan mota yana lissafa masa cututtukan da ba shi da su, da basir da sanyi da raunin mazakuta, yana yi masa alkawarin abin da fim ya riga ya yi masa alkawari. Hukumomin kula da magunguna, har da NAFDAC ta ƙasar nan, sun sha gargaɗi cewa wasu daga cikin waɗannan jiƙe-jiƙe da ake kira na gargajiya an cakuɗa su da sinadarin sildenafil, wanda shi ne ke cikin Viagra da aka fara sayarwa a 1998. Sinadari ne da likita ke rubutawa da awo, wanda in ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya yakan faɗar da jini faɗuwar da ke iya kaiwa ga rasa rai. Lafiyayyen saurayi ɗan shekara 27 ke nan ya zama majinyaci, ba don wata cuta ta kama shi ba, sai don an nuna masa mudun ƙarya. Fiƙihunmu kuwa ya san rashin iyawa na gaskiya, ya kuma yi masa hukunci, domin Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya kawo a Risala cewa wanda ya kasa kusantar matarsa akan yi masa jinkirin shekara guda. Amma ban ga babin da aka ƙidaya wa miji mintoci ba.

Zato na biyu ya fi na farko muni, domin na farko mai shi yake cutarwa, na biyu kuwa 'yar mutane yake faɗa wa. A 2010 Ana Bridges ta Jami'ar Arkansas da abokan aikinta suka bi diddigin fage 304 daga fina-finan batsa da suka fi kasuwa a Amurka, suka tarar kashi 88 cikin 100 na ɗauke da cin zali na jiki, kamar mari da jan gashi da shaƙewa, kusan rabi kuma na ɗauke da zagi da ƙasƙantarwa. Galibin waɗanda ake yi wa mata ne, kuma a mafi yawan lokuta akan nuna su suna jin daɗi ko kuwa ko a jikinsu. Darasin da ke cikin wannan a fili yake: cewa mace kullum a shirye take, ba ta buƙatar magana ko lallashi, ba ta gajiya, ba ta jin zafi, kuma ƙinta ma wani nau'i ne na so. Rahoton Ingila da na ambata ya samu cewa kusan rabin matasan da aka tambaya suna ganin 'yan mata na sa ran a haɗa musu saduwa da irin wannan mugunta. Ina wannan, ina abin da Hujjatul Islam Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya shimfiɗa a babin ladubban aure na Ihya'u Ulumiddin, inda ya yi wa miji wasiyya da ya gabatar da tausasan kalamai da wasa, kuma in ya biya buƙatarsa kada ya yi gaggawar tashi sai ya saurara wa matarsa, domin tata takan yi jinkiri, barinta a haka kuwa cutarwa ce da ke haifar da ƙiyayya? Malami ne ya rubuta wannan, shekara ɗari tara da suka wuce, a cikin littafin tarbiyyar zuciya.

Na taɓa zama a wani sulhu da har yau bai bar raina ba. Yarinya ce wata bakwai da aure ta yi yaji, aka yi juyin duniya ta faɗi dalili ta ƙi, sai kuka. Uban ya yi fushi yana cewa taurin kai ne, har sai da wata gwaggonta ta ja ta ɗaki ta yi mata tambaya irin ta mata, sannan aka gane cewa tun daren farko abin da take sha azaba ce, ga kuma neman ta da abubuwan da shari'a ta haramta ko ɗabi'a ke ƙyama. Da na keɓe da mijin, ina zaton zan tarar da azzalumi mai taurin zuciya, sai na tarar da yaro mai kunya, mai sallah a kan lokaci, yana kuma sonta so na haƙiƙa. Ya sunkuyar da kai ya ce mini, "Allah ya gafarta Malam, wallahi ni na ɗauka haka ake yi, na ɗauka kukan da take yi ma haka mata ke yi. Tun ina makarantar kwana nake gani, ba wanda ya taɓa gaya mini akasinsa." Ya kuma shaida mini cewa ƙwaya yake sha tun ranar da aka kai ta, don kada ta raina shi. Ban sami abin da zan ce masa nan take ba, domin tuhumar da ke cikin maganarsa har da ni ta haɗa.

Masu bincike sun gwada wannan tasiri tun kafin zuwan intanet. A 1982 Dolf Zillmann na Jami'ar Indiyana da Jennings Bryant suka nuna wa wasu ɗalibai gajerun fina-finan batsa 36 cikin mako shida, waɗanda jimillarsu ba ta kai sa'a biyar ba, sannan suka gwada su da waɗanda ba su kalla ba. Sai aka ga masu kallon suna zaton baƙin ayyuka na jima'i sun yawaita a cikin jama'a fiye da yadda sauran ke zato, kuma da aka ba su labarin shari'ar fyaɗe, ɗaurin da suka yanke wa mai laifin ya fi na sauran gajarta, mazansu da matansu. A 1988 suka sake wallafa wani gwajin makamancinsa, wanda ya nuna raguwar gamsuwar masu kallon da abokan zamansu, ta fuskar siffa da ƙauna da shimfiɗa. Adalci ne in faɗa muku cewa masana na jayayya har yau a kan iyakar wannan tasiri, kuma wasunsu na cewa sau da yawa rashin jin daɗin gida ne ke tura mutum ga kallon tun farko. Na yarda hakan na faruwa. Amma ko da wanne ya riga wanne, wanda ya gudu daga matsalar ɗakinsa zuwa ga allo ba ya dawowa da magani, sai dai da sabon abin gwadawa da ita.

Wannan kuwa shi ne sirrin wani hadisi da Imamul Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu, wanda ya hana mace ta siffanta wa mijinta wata mace har ya zama kamar yana ganinta. Ku duba nisan wannan hange. Magana ce kawai ta fatar baki, daga matarsa ta halal, a kan mace guda, amma aka toshe ƙofarta saboda surar da za ta zauna a zuciyarsa. To, ina ga surori dubu, masu motsi da sauti, waɗanda aka tace domin su zauna? Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya yi dogon bahasi a littafinsa Adda'u Waddawa'u a kan cutar da ya kira son surori, ya kuma bayyana yadda kallo ke haifar da saƙar zuci, ita ta haifi tunani, shi ya haifi sha'awa, har a kai ga azama da aiki. Kuma a hadisin Jabir da Muslim da Tirmizi suka kawo, an shiryar da wanda wata mace ta burge shi da ya koma ga iyalinsa, domin hakan zai kawar da abin da ke ransa. Dukan aikin batsa kuwa shi ne ta raɗa wa mutum cewa komawar ba za ta wadatar ba, cewa akwai wani kitse a can wanda ba shi da shi a gida. Rogo ne fari fat a cikin fitila, ake yi masa kallon kitse.

Kada iyayenmu mata su ɗauka wannan bala'i a sashen maza kaɗai ya tsaya. 'Yan mata ma na gani, da ganganci ko da tsautsayi, kuma abin da yake bar musu shi ne ƙin jikinsu da tsoron kada a yi musu kishiya da wadda ba ta ma wanzu ba. Macen da ta yi ciki ta haihu ta shayar, wadda jikinta ke ɗauke da alamun wahalar da Alƙur'ani ya girmama uwa saboda ita, sai ta tsaya gaban madubi tana gwada kanta da hoton da wuƙar likita da fitila suka ƙera, ta shiga shafe-shafen bilicin, ta zuba kuɗin adashenta a kayan mata, wasu na sha wasu na matsi, waɗanda likitocin mata ke gargaɗin cewa sukan jawo ƙuna da rauni da cuta. Kayan mata sun girmi waya, na sani, kuma ba dukansu ne abin zargi ba. Sai dai firgicin da ke hura kasuwarsu a yau, da irin alkawarin da masu tallarsu ke yi a Facebook da TikTok, daga wancan mudun aka ɗebo su. Sai ka ga mutum biyu a ɗaki guda, kowannensu ya sha magani don tsoron ɗan'uwansa, kowanne yana wasan kwaikwayo, babu wanda ya tambayi ɗayan abin da ke faranta masa. Aya ta 21 ta Suratur Rum kuwa natsuwa ta ambata, da soyayya, da rahama, uku ɗin nan kuma babu wanda kyamara ke iya ɗauka, shi ya sa ba a taɓa ganinsu a can ba.

Yanzu, ya iyayena malamai, ku yi mini izini in koma kan maganar yaron nan, cewa ba wanda ya taɓa gaya masa akasinsa. Littattafan da ke cikin zaurukanmu ba su yi shiru ba. Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala sun yi bayanin janaba da haila da wanka dalla-dalla, Risala ta bambance maniyyi da maziyyi da wadiyyi tun a babinta na abin da ke wajabta alwala da wanka, almajiri kuwa yakan karance su tun kafin gemu ya fito masa. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya zargi malaman zamaninsa a Nurul Albabi saboda barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da ɗalibai a waje. Mu ne muka yi shiru. Mukan karantar da abin da ke wajabta wanka, mu tsallake ladabin abin da ke gabatar wankan. Ranar kai amarya, gwaggonni sukan kewaye ta da nasiha wadda jigonta shi ne yi na yi, bari na bari, da haƙuri, da aure yaƙin mata ne, ba a gaya mata cewa tana da haƙƙi a shimfiɗa kamar yadda ake da shi a kanta, ko cewa akwai abin da in aka neme ta da shi ƙinsa ɗa'a ce ga Allah. Ango kuwa ba ya samun ko wannan. Abokai ne ke rako shi, su yi sayen baki, su tura masa ƙwaya a aljihu suna dariya, su watse.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Waliyyin da ke tambayar saurayi sana'arsa da asalinsa, ya haɗa shi da malami ko dattijo mai amana da zai zauna da shi sa'a guda kafin ɗaurin aure, ya karanta masa babin nan na Ihya'u, ya gaya masa lissafin Waldinger da na Veale da baki, a fili, domin lamba guda ta gaskiya takan kwance ƙullin da wa'azin shekara bai kwance ba. Malamai mata na Islamiyya su yi wa amare makamancin haka. Uba kuma kada ya jira sai ya kama waya a hannun ɗansa sannan ya buɗe baki da bulala, domin yaron da aka daka ɓoyewa yake koya, mudun kuwa yana nan. Ya riga allon magana tun yaron na gab da balaga, ya gaya masa cewa zai ci karo da wannan abu ko bai nema ba, cewa ƙarya ce da aka biya kuɗi aka shirya, kuma in ya gani ya zo ya faɗa ba za a ci mutuncinsa ba. Wanda kuwa ya riga ya yi nisa, har yana son dainawa ya kasa, ya sani Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da kasa mallakar kai a sha'anin sha'awa cikin kundin cututtukanta da ta amince da shi a 2019, saboda haka ya haɗa tuba da ganin likita, ya fitar da wayar daga ɗakin kwana, ya kuma ba zuciyarsa lokaci, domin ido da ya daɗe cikin hasken fitila sai a hankali yake sake ganin farin wata.

Na san akwai tambayoyi a zauren nan da ba za a iya ɗaga hannu a yi su ba. An raba 'yan takardu a sashen maza da na mata. Kowa ya rubuta abin da ke ransa kada ya sa suna, a naɗe a jefa cikin kwandon da ke bakin ƙofa, bayan sallar la'asar ni da likitan da ke tare da mu za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, wadda ta fi ƙarfinmu kuma mu miƙa ta ga iyayenmu malamai.